Manhajojin lissafin kankare: abin da suke ƙirgawa da abin da suke mantawa wajen zuba hanyar mota

Duk mai niyyar zuba kankare a hanyar da mota ke bi daga bakin get zuwa gareji, tambaya biyu ce ke hana shi sakat: siminti buhu nawa, kuɗi kuma nawa. Manhajojin da ke alƙawarin amsa waɗannan tambayoyi sun cika waya da intanet. Ka rubuta tsawo, ka rubuta faɗi, ka rubuta kauri, ka danna, sai ga lamba kafin ka ƙifta ido. Akasarinsu kyauta ne, kuma tafiyarsu kusan ɗaya ce, shi ya sa za mu yi musu kuɗin goro maimakon mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne: wajen ninka lambobi ba su da makusa, sun fi lissafin ka nesa ba kusa ba. Sai dai lambar da suke bayarwa ta kankare ce zalla, shi ma kankaren na ramin da gindinsa da gefensa suke sumul kamar cikin akwati. Wanda ya ɗauki wannan lamba yadda take ya tafi sayayya, sai ya sake komawa neman ƙari, kuma sau da yawa ana tsakiyar zubi abin zai same shi.

Don a ga abin a fili, bari mu ɗauki hanya mai tsawon mita 12 da faɗin mita 3.5, wadda ƙaramar mota za ta riƙa bi kullum, motar kaya kuma jefi-jefi. Filinta murabba'in mita 42 ne. In kaurin kankaren santimita 10 ne, ana buƙatar kubik mita 4.2. In santimita 12.5 ne, kubik mita 5.25. In 15 ne, 6.3. Kowace manhaja za ta fitar da waɗannan daidai, muddin ba a rikita mata ma'auni ba. Kuma nan ne tuntuɓen farko. Da yawansu an gina su ne kan ƙafa da inci da yadi, irin awon da ake yi a Amurka. Kubik yadi ɗaya kubik mita 0.765 ne, don haka hanyarmu mai kubik mita 5.25 za ta fito a matsayin kusan 6.9. Wanda bai lura ba ya je ya yi odar kubik mita 6.9, ya sayi ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku da ba shi da inda zai zuba. In kuskuren ta ɗaya gefen ya zo, kankaren ya ƙare saura mita biyu ko uku a kai gareji. Manhajar kirki tana rubuta ma'aunin a gefen kowane gurbi da gefen amsa. Wadda ta ɓoye shi a wani lungu, a bar ta.

Sannan hanyar mota ba kasafai take zama miƙaƙƙiya ba. Galibi tana buɗewa a bakin titi don mota ta samu wurin karya kwana. In hanyarmu ta buɗe daga mita 3.5 zuwa 5.5 a cikin mita biyun ƙarshe, an ƙara kusurwa biyu, kowace murabba'in mita ɗaya, wato kubik mita 0.25 na kankare. Ƙananan manhajoji ba su da gurbin wannan. Sai dai mutum ya yanka hanyar gida-gida a takarda, ya lissafa kowane yanki daban, ya haɗa da kansa.

Babban gibinsu kuwa shi ne kauri. Suna tambayarka kauri, amma ba sa gaya maka wanda ya dace, alhali daga wannan lamba komai ke tasowa. Santimita 10 shi ne mafi ƙaranci ga ƙananan motoci a kan ƙasa mai ƙwari. Inda motar kaya ko ta ruwa za ta riƙa shiga, ko ƙasar ke da laka, 12.5 zuwa 15 ya fi. Dalilin kuwa ƙarfin da daɓe ke da shi na jure lanƙwasa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, yana tafiya ne da kaurin in an ninka shi da kansa. Tashi daga 10 zuwa 12.5 ƙarin kashi 25 ne cikin 100 na kankare, amma a wajen juriya ƙarin ya haura kashi 50. A duk kayan aikin nan da wuya a samu inda kuɗi kaɗan ke sayen ƙarfi mai yawa kamar wannan santimita biyu da rabi. Saboda haka 12.5 muka ɗauka, kuma da shi za mu ci gaba.

To amma 12.5 na takarda daban, na ƙasa daban. In gindin ramin ya zurfafa da santimita ɗaya tak fiye da yadda aka tsara, a fili mai murabba'in mita 42 wannan ya ci kubik mita 0.42, kusan tan ɗaya na kankare, tunda kubik mita ɗaya yana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka. Kashi 8 ke nan cikin 100 na dukkan zubin, kuma ido ba ya ganin bambancin santimita ɗaya a kan tsakuwa. Maganinsa mai sauƙi ne, amma sai an durƙusa: bayan an kafa katako an daɓe gindi, a ja igiya daga saman katakon wannan gefe zuwa na wancan, a auna daga igiya zuwa ƙasa a wuri uku, tsakiya da gefe biyu, a matsa gaba mita ɗaya a sake. Matsakaicin waɗannan awo shi ne kaurin da za a ba manhaja. Ma'ana, lissafin da aka yi kafin haƙa na tanadin kuɗi ne, na oda kuwa sai bayan an kafa katako.

Wasu manhajojin suna da gurbin rara, wasu har suna sa kashi 5 ko 10 da kansu. Wannan abin yabo ne, sai dai a duba ko an riga an sa kafin a ƙara wani a kai. Ga hanya irin tamu kashi 10 ya dace: akwai wanda zai zube a hanyar baro, akwai wanda zai maƙale a inji, akwai katakon da zai ɗan buɗe in nauyi ya hau shi. Kubik mita 5.25 ya koma 5.8 ke nan.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato maganar buhu. Manhajoji da yawa in sun ce "buhu", ba siminti suke nufi ba. Suna nufin buhun haɗaɗɗen kankare busasshe, wanda siminti da yashi da tsakuwa ke ciki gaba ɗaya, ruwa kawai ake zuba masa. Irin wannan buhu mai nauyin kilo 36 lita 17 kacal yake bayarwa, don haka kubik mita ɗaya yana cin kusan buhu 59, hanyarmu kuma sama da buhu 340. Wanda ya saba da buhun siminti zalla mai kilo 50 in ya ga wannan lamba, ko dai ya firgita ya fasa aikin, ko ya ɗauka manhajar ta haukace. Shi ma buhun simintin ba girmansa ɗaya a ko'ina ba: akwai na kilo 50, akwai na 25, a Amurka kuma na kilo 42.6 ne. Manhajar da ba ta bari ka zaɓi nauyin buhu ba, amsarta ta buhu ba ta da amfani. Ka karɓi kubik mita daga gare ta, ka ƙarasa sauran da biro.

Ƙarasawar ba wuya. Busassun kaya in aka kwaɓa su suna raguwa, domin yashi na shiga ramukan da ke tsakanin tsakuwa, siminti da ruwa kuma su shiga ramukan yashi. Shi ya sa ake ninka yawan kankaren da ake so da 1.54 don a san yawan busassun kayan da za a tara. Siminti kubik mita ɗaya ana ɗaukarsa kilo 1,440, wato buhu mai kilo 50 kusan lita 35 ne. A haɗin 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, jimla bakwai, kowane kubik mita na kankare yana cin buhu 6.3 da yashi kubik mita 0.44 da tsakuwa 0.88. A haɗin 1:1.5:3 yana cin buhu 8 da ɗan kai, yashi 0.42, tsakuwa 0.84. In muka kai wannan kan kubik mita 5.8, haɗin farko buhu 37 ne, na biyu buhu 47, wanda ke tsakaninsu kuma, 1:2:3, buhu 43. Manhajojin da ke lissafa siminti daban da yashi daban sun fi sa 1:2:4 a matsayin zaɓin farko, wasu ma ba sa faɗin haɗin da suka yi amfani da shi. Akwai kuma waɗanda ke mantawa da 1.54 ɗin baki ɗaya, su raba kubik mitan kai tsaye. Gane su ba wuya: ka sa kubik mita ɗaya a haɗin 1:2:4, in amsa ta fito buhu 4 da ɗan kai maimakon 6 da ɗan kai, goge ta daga wayarka.

Mu dai ga hanyar mota ba ma son 1:2:4. Abin da ake nema a irin wannan daɓe ƙarfi ne na 25 zuwa 30 a ma'aunin MPa, wanda ake auna ƙarfin kankare da shi, bayan kwana 28, shi kuwa 1:2:4 da aka auna da kwano ko baro yakan tsaya ƙasa da haka. Taya tana murza fuskar daɓe kullum, musamman inda ake juya sitiyari mota na tsaye, kuma daɓe mai ƙarancin siminti daga nan yake fara fitar da ƙura, tsakuwa ta biyo baya. Buhu goman da ke tsakanin 37 da 47 ba wurin tsimi ba ne. Da 1:1.5:3, kayan hanyarmu su ne siminti buhu 47, yashi kusan kubik mita 2.4, tsakuwa mai girman milimita 20 kusan kubik mita 4.9. In da nauyi ake sayarwa, yashin kusan tan 4 ne, tsakuwar tan 7 da rabi.

Yashi yana da wani hali da manhaja ba ta sani ba. In yana da danshi yakan kumbura, domin ruwan da ya lulluɓe ƙwayoyinsa yana raba su da juna. Kumburin na iya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, na yashi mai laushi ma ya wuce haka. Abin mamaki, busasshe ƙarau da wanda ya jiƙe sharkaf girmansu kusan ɗaya ne, mai ɗan danshin nan ne ke yaudara. Kwano goma na yashi mai danshi, in an bi gaskiya, kwano takwas ne. Illar biyu ce: kwaɓin ya fito da ƙarancin yashi ya yi gautsi, ga wuyar shafewa, sannan yawan kankaren da kowane buhu ke bayarwa ya ragu, sai a ga siminti na ƙarewa aiki bai ƙare ba. Don haka in da girma ake saye, kubik mita 3 za a nema a madadin 2.4. A kuma gwada tsabtarsa: a zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye 'yan sa'o'i. Laka za ta kwanta a sama. In kaurinta ya wuce kashi 8 cikin 100 na tsayin yashin, a canza yashi ko a wanke shi, domin laka tana hana siminti kama ƙwayar yashi.

Ruwa ma da wuya ka ga manhajar da ta ambace shi, alhali shi ne ya fi kowane abu saurin kashe kankare. Lita 22 zuwa 25 ga kowane buhu mai kilo 50 ita ce iyaka, har da ruwan da ke jikin yashi. Buhu 47 na son lita 1,100 ko ɗan sama. Masu aiki suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi daɗin ja da shebur, amma duk ruwan da siminti bai buƙata ba sai ya fita daga baya, ya bar ƙananan ramuka a madadinsa. Daɓen ya yi rauni, ya kuma ƙara tsukewa yayin bushewa, tsagewa ta biyo. A auna ruwan da bokitin da aka yi wa alama, kada a bar tiyo a bakin inji.

Abin da ke ƙarƙashin kankare kuwa, nan manhajoji suka yi gum. Daɓe ba ya fin gindinsa ƙarfi. Dole a cire ƙasar sama mai ciyawa da saiwa, a daɓe abin da ya rage, a shimfiɗa fasasshen dutse mai haɗe da garinsa kaurin santimita 10 zuwa 15, a danne shi da injin daɓe. Ana barin wannan shimfiɗa ta zarce gefen kankare da kamar santimita 15 kowane ɓangare don gefen ya samu mazauni, sai faɗin ya koma mita 3.8, filin kuma murabba'in mita 45.6. A kaurin santimita 10 wannan kubik mita 4.6 ne bayan dannewa, kusan tan 9 da rabi zuwa 10. In da girma za a saya, a ƙara kamar kashi 25, domin abin da tifa ta sauke a sake yake, in inji ya hau shi sai ya zauna. Ba a danne shi duka lokaci ɗaya: in kaurin ya wuce santimita 10, a yi shi hawa biyu, a yayyafa ruwa kaɗan kafin inji ya bi. Haƙar ita ma lissafi ce. Zurfin santimita 22.5, wato na kankare da na dutse, a wannan fili ya haura kubik mita 10 na ƙasa, in ta fito daga rami kuma ta saki jiki ta kai kusan 13. Kwashe ta aiki ne mai zaman kansa da kuɗinsa, kuma ba za ka gan shi a allon waya ba.

A maganar ƙarfe wasu manhajojin suna ƙoƙari, amma lissafin mita suke yi, kai kuwa sanda kake saye. Ɗauki rodi mai milimita 10 da tazarar santimita 30 ta kowace fuska, a bar santimita 5 daga gefe. Ta tsawo sanda 12 ne, kowace mita 11.9. Ta faɗi guntaye 41 ne, kowanne mita 3.4. Manhaja za ta haɗa mita 282, ta raba da mita 12, tsawon sanda ɗaya, ta ce sanda 24. Amma sandar mita 12 guntaye uku kawai take bayarwa, mita 1.8 ya rage, don haka guntayen faɗi suna cin sanda 14, jimla 26. Nauyin rodi mai milimita 10 kilo 0.617 ne a mita, wato kusan kilo 190 gaba ɗaya. Haka abin yake ga ragar ƙarfe. Irin wadda ake kira A142, mai waya milimita 6 da tazarar santimita 20, fallenta mita 4.8 ne da 2.4. Raba 42 da 11.52, filin falle ɗaya, zai ba ka falle 4, amma dole kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 20 zuwa 30, ga kuma yankan da ba ya moruwa, sai abin ya tashi falle 5 ko 6. Sai wayar ɗauri, sai 'yan tubalan da ake ɗora ƙarfen a kai, waɗanda masu aiki ke kira biskit. Ƙarfen da aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba kankare a kansa kuɗi ne aka binne: wurinsa tsakiyar kauri ne ko ɗan sama da haka, da aƙalla santimita 4 na kankare a kansa. Dabarar "za mu ɗaga shi da ƙugiya lokacin zubi" ba ta aiki, ƙafar mai aiki na gaba za ta mayar da shi ƙasa. A kuma sani cewa ƙarfe a irin wannan daɓe ba ya hana tsagewa, yana riƙe tsagar ne kada ta buɗe ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Abin da ke sarrafa tsagewa shi ne layin yanka. Kankare yana tsukewa kusan rabin milimita a kowace mita yayin da yake bushewa, wato hanyarmu za ta ragu da kamar milimita 6, kuma tunda gindi yana riƙe da ita, sai ta tsage. Ana yanka mata layi ne don ta tsage a inda aka zaɓa. Tazarar layukan ninki 24 zuwa 36 ne na kauri, ga santimita 12.5 mita 3 zuwa 4.5 ke nan, kuma gara a tsaya kusa da ƙaramar lambar. Yanka uku, ɗaya a kowace mita 3, zai ba da gida huɗu masu mita 3 da 3.5, kusan murabba'i, abin da ake so ke nan. Zurfin yankan kashi ɗaya cikin huɗu na kauri, kamar santimita 3, kuma a yi shi cikin sa'o'i 6 zuwa 18 bayan zubi. Wanda ya bari sai jibi, ya tarar daɓen ya riga ya zaɓi wurinsa. Inda daɓen ya haɗu da bango ko daɓen gareji kuma a sa wani abu mai laushi kaurin santimita ɗaya ya raba su. Hayar injin yanka, katakon gefe mita 31, turaku a kowace mita ko ƙasa da haka, ƙusa, leda: duk ƙananan abubuwa ne, amma in aka tara su sai su zama layi mai nauyi a takardar kuɗi. Gangara ita ba ta cin kaya, amma dole a tsara ta tun a gindi: santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi nesa da gini. In aka bar gindi a miƙe aka ce za a fitar da gangarar da kankare, gefe ɗaya zai yi kauri fiye da lissafi, ɗayan ya yi siriri.

Gurbin kuɗi shi ne mafi rauni a duk manhajojin. Wasu suna zuwa da farashinsu a ciki, na wata ƙasa ko na wani lokaci da ya wuce, kuma ba su faɗi ba. Waɗanda ke bari ka sa naka farashin sun fi, amma su ma kuɗin kubik mita ko na buhu kawai suke ninkawa. Ba su san cewa yashi da tsakuwa cikin mota ake sayar da su ba, in kana son kubik mita 4.9 motar kuma 4 take ɗauka, sahu biyu za ka biya. Ba su san kuɗin dako da saukewa ba, ko hayar injin kwaɓi da injin daɓe da man da za su sha, ko ladan magini da kafinta da mai ɗaurin rodi da leburori, ko fasa tsohon daɓe in akwai, ko izinin hukuma inda hanyar ta taɓa titin jama'a. Amfanin lambobin da muka fitar a sama shi ne a jera su a takarda, kowanne da layinsa, a tambayi farashin ranar daga bakin mai sayarwa, a ajiye kashi 10 na jimlar a gefe. Wannan takarda ce kuma za ta yi maka alƙalanci tsakanin 'yan kwangila. In biyu suka ba ka kuɗin murabba'in mita, ɗaya ya fi araha sosai, tambaye shi kauri nawa, haɗi nawa, shimfiɗar dutse nawa, ƙarfe wane iri. Sau da yawa za ka tarar ɗaya santimita 10 yake nufi a kan ƙasa tsirara, ɗayan 12.5 a kan dutse. Ba aiki ɗaya suke yi wa kuɗi ba.

Akwai shawarar da lambar 5.8 ke tilasta wa mutum yankewa, manhaja kuma ba ta taya shi: a kwaɓa a wurin ne, ko a yi odar kwaɓaɓɓe daga kamfani? Injin da ke ɗaukar buhu ɗaya a kowane juyi, a haɗin 1:1.5:3, lita 125 yake fitarwa, wato juyi 47. In kowane juyi ya ɗauki minti biyar, kusan sa'a huɗu ke nan ba tsayawa, kuma sai da isassun hannaye. Baro yana ɗaukar kamar lita 50 zuwa 60 ba tare da zuba ba, don haka ana maganar sahu ɗari ko fiye. Motar kwaɓaɓɓen kankare takan ɗauki kubik mita 6 zuwa 8, hanyarmu sahu ɗaya ce, kuma haɗin da aka auna da sikeli ya fi na kwano daidaito. Sai dai tana da nata sharuɗɗan. Da kayanta tana kai tan 30 ko kusa, ba kowace hanya ko murfin kwata ke ɗaukarta ba. Mazurarinta 'yan mitoci kaɗan yake kaiwa. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a sauke cikin minti 90 daga lokacin da ruwa ya taɓa siminti, a rana mai zafi ma ƙasa da haka. Kamfanoni sukan caji ƙarin kuɗi in odar ba ta cika mota ba, ko in an tsayar da direba fiye da lokacin da aka ware. Wajen oda a faɗi abu huɗu: yawa, ƙarfi, girman tsakuwa, da laushin kwaɓi, wanda ga irin wannan aiki zaman santimita 7.5 zuwa 12.5 a gwajin mazubi, inda ake cika mazubi da kwaɓi a ɗage shi a auna yadda kwaɓin ya zauna, ya isa. Inda sanyi ke kai ruwa ga daskarewa a ƙara da neman kankare mai ƙananan kumfar iska a ciki, in ba haka ba fuskarsa za ta ɓare. Kuma a nan ana zagaye lamba sama ne, 5.8 ta zama 6. Ragowar baro uku ko huɗu a tanadar mata wuri tun kafin mota ta iso. Ƙarancin baro biyu kuwa yana nufin jiran wata mota ko kwaɓin gaggawa, kafin nan na farko ya fara kamawa, sai a samu gaɓar da sabo bai haɗe da tsoho ba, wadda ruwa zai riƙa bi har ƙarshen rayuwar daɓen.

Kwanaki ma suna cikin kiyasi, ko da yake ba wata manhaja da ke ƙirga su. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana tsayawa in ruwan ya ƙafe. Daga lokacin da fuskarsa ta kama, a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a riƙa shayar da shi kwana 7 cur. Wannan ruwan ba ya cikin lita 1,100 na kwaɓi, kuma inda sayen ruwa ake yi, sai an ba shi layinsa a takarda. Mutum na iya takawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙaramar mota sai bayan kwana 7, lokacin da daɓen ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Motar kaya kuwa ta jira kwana 28, har da tifar da za ta zo kwashe ragowar ƙasa, don haka a tara ƙasar a inda tifa za ta isa ba tare da ta hau sabon daɓe ba.